Bahaɗeje, Gurmin Naku Ne, Kunnen Namu Ne

Bahaɗeje, bawan gidanmu, ga gaisuwa daga ubangidanka. Ba sai ka tashi ba, tsugunnon da ka yi ya wadatar. Yaya kifi, yaya sauro? Ruwan bana ya bar muku shinkafar, ko ya sake bi ta gona ya shigo ɗaki ya kwana tare da ku?

Labari ya iso mini har Ƙanƙara cewa kana bin majalisu kana shela, wai ka kama Bakatsine dumu-dumu. Wai ka leƙo motata a tsaye ka ji Haruna Uji na tashi, ni kuma na jingina, ido rufe, ina kaɗa kai. Wai mutumin ƙasar Shata ya jingine kalangu ya koma bin gurmin Haɗejia, saboda haka daga yau Katsinawa su riƙa cire takalmi in sun hango ku. Har an ce ka rantse sai ka kai maganar gidan rediyo.

To huta da wahala, ga shi na kawo ta jarida da ƙafata. Ina jin Haruna Uji. Da safe ina jin sa, in na dawo daga gona ina jin sa, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ka tashi daga Ƙanƙara ka bi ta Sheme ka shiga Faskari, ka zagayo Funtuwa ka ratsa Ɗandume har Sabuwa, ba za ka rasa shagon caji ko teburin mai shayin da gurminsa ke tashi ba. Sai dai ban ga abin tutiya a nan ba. Yaushe ubangida ya fara jin kunyar cin amfanin gonar da bawansa ya noma?

Ku kuka haife shi, ban musa ba. Sunansa ma ba ya cika sai an ce Haruna Uji Haɗejia. Amma haihuwa daban, sanin daraja daban. In kana musu, tuna ranar da na tambaye ka gaban mutane yaya gurmi yake, ka gyara zaman hula ka ce ai wani ɗan ƙaramin goge ne. Yaran da ke wurin, waɗanda ko hanyar Jigawa ba su sani ba, sai da suka riƙe ciki. Matso in koya maka kayan garinku, kyauta, don kada ka sake zubar wa Sarkinku mutunci a bainar jama'a.

Gurmi ba goge ba ne. Goge da kukuma gogawa ake yi da izga, shi ya sa kukansu ke da tsawo, irin wanda Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka ci abinci da shi. Shi gurmi da yatsa ake taɓa shi. Duma ake samu wanda ya ƙosa, a raba, a kankare cikin, a bar shi ya bushe, a rufe bakin ƙoƙon da fata a ɗaure tamau. Sai a soka sanda, a ja tsirkiya biyu daga gindi zuwa saman sandar, wani ya ƙara ta uku. Ƙarƙashin tsirkiyar akwai ɗan guntun itacen da ke ɗage ta daga fata, wanda makaɗa ke ce wa jaki. Babu kusoshin murɗawa irin na jita. In murya ta sauka, makaɗi ya tura ɗaurin tsirkiyar sama. In ta hau da yawa, ya sassauto da shi. Sandar kuma sumul take, ba alama ko ɗaya da za ta nuna maka inda za ka danna. Kunne ne ke nuna wa yatsa hanya. Ga fata da ra'ayin kanta: da damina ta sha laima ta saki, sai an kai ta kusa da wuta ko an nuna mata rana kafin ta yi magana, da hunturu kuwa ta ɗaure har ta nemi tsagewa. Ni mamakin da nake yi, yadda aka yi gurmi ya iya fitar da murya a garin da tabarma ma ba ta bushewa.

Yanzu ka saurari hannun mutumin naku, tunda ba ka taɓa yi ba. Babban yatsa da manuni ke aikin, ɗaya ya sauka ɗaya ya tashi. Tsirkiya guda na riƙe da tafiyar, ba ta fasawa, ba ta gaggawa, ɗayar kuma ita ke zance da murya. Ya rera ɗa, ya yi shiru, gurmi ya ƙarasa masa. Wani wurin ya bar maganar a rataye, sai yatsa ya je ya ɗauko ta. Wani wurin kuma ya maimaita kiɗa guda har ka ɗauka ya manta da kai, ashe shiri yake yi, sai ka ji ya karya shi ta inda ba ka zata ba. Shi ke ƙirƙirar waƙar, shi ke rerawa, shi ke kaɗawa, duk a zama ɗaya. Kai da ba ka iya tuƙa keke kana amsa sallama, ka auna wannan.

Kada ka raina kayan don ka ga tsirkiya biyu ce. A Mali da Gambiya da Sanagal akwai kora mai tsirkiya 21, wadda Toumani Diabaté, da ya rasu a 2024, ya zagaya duniya da ita. Turawa suna da tasu babbar garayar, wadda ake kafawa a ƙasa a rungume ta, mai tsirkiya 47 da matakan ƙafa bakwai, sai an nemo mota kafin a kai ta wurin wasa. Duk ina girmama su. Amma wanda aka ba 47 ya sa mutum hawaye, da wanda aka ba biyu ya yi hakan, ka san wanda ya fi shan wuya. Ɗanmaraya Jos ma, Allah ya jiƙansa, da ya rasu a 2015, tsirkiya guda ya riƙe, a jikin gwangwanin kifi, da ita ya yi wa karen mota waƙar da ta shiga ko'ina. Ka ga ko a kuntigi sai da aka samu ɗan warin garinku. Masu kora kuwa yanzu da zaren roba na kamun kifi suke ɗaure ta. In da kuna da wayo, da tuni kun buɗe kasuwarsa a Bamako.

Na san inda za ka nufa. Za ka ce to ina Shatan da muke cika baki da shi. Yana nan inda yake, ba wanda ya taɓa masa kujera. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna Funtuwa, maƙwabciyar Faskari, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka kai shi Daura. Wanda ya yi Bakandamiya ba ya buƙatar in kare shi daga bakin Bahaɗeje. Sai dai kowane kiɗa da wurinsa. Kiɗan Shata na fili ne: kalangai na zuba, 'yan amshi na karɓa, maroƙi na ratsawa, masu kuɗi na liƙi, ƙura na tashi. In ka ji shi sai ka ji kana son ka miƙe, ka yi kyauta, ka zama wani. Kiɗan Uji na ɗaki ne, na gaban mota cikin dare, na gindin bishiya bayan an tashi daga huɗa. Shi ba ya sa ka miƙe. Zaunar da kai yake yi, ya tuna maka wadda ka so ba ka samu ba. Gidan da yake da zaure yana da ɗaki, mu kuwa duka biyun muna da su.

Ga asirin da ya sa muka riƙe shi, in faɗa maka don ka daina yawo da jahilci. Kowa ya san Katsina ɗakin kara ce. Kunya ta yi mana yawa. Bakatsine zai iya sayar da buhu goma na masara ya kai lefe, amma ya buɗe baki ya ce wa yarinya yana son ta, sai dai ya tsaya ƙofar gidansu yana tambayar lafiyar kakarta har a kira isha'i. Mawaƙanmu na da kuwa, duba inda suka fi karkata: sarakuna, attajirai, manoma, 'yan dambe, 'yan tauri, mahauta. Namiji baligi ya zauna ya kama sunan mace ɗaya ya yi ta rarrashi har faifai ya ƙare, wannan sai wanda Allah ya sauƙaƙa wa kunya. Da muka duba gabas muka duba yamma, sai muka same shi a Haɗejia. Shi ke nan muka ɗauke shi aiki. Abin da bakinmu ya kasa furtawa, Bahaɗeje ya furta mana. Ai dama aiken da ya fi ƙarfin ɗa, bawa ake tura wa.

Tambayi dattawanmu yadda ake yi. Kafin 1987 muna cikin jihar Kaduna, gidan rediyon Kaduna kuwa, tun da aka buɗe shi a 1962, shi ne abokin hirar kowane ƙauye a nan. Saurayi daga Daudawa ko 'Yankara zai sayi katin zaɓe, ya jero sunayen abokai, ya gaida mai gari, ya gaida telan unguwa, can tsakiya ya cusa sunan wata a gurguje, sannan ya ce a sa musu Haruna Uji. Ranar da aka karanta katin, duk garin ya gane, ita ma ta gane, amma ba wanda zai ce an yi rashin kunya, tunda ba shi ya faɗa ba. Da kaset ya zo abin ya ƙara sauƙi. A tura ƙanenta da kaset a ce ya kai wa yayarsa ta ji, a dawo da shi gobe. In an dawo da shi an juya zaren zuwa farko da biro, ka samu shiga. In an dawo da shi yadda ka aika, ka nemi wani gidan. Auren da gurmin nan ya ƙulla tsakanin Mairuwa da Sabuwa, Allah kaɗai ya san yawansu. La'ada kuwa ba mu biya ba, ba kuma za mu biya ba.

Duk wannan tun kafin fim ɗin Hausa ya tsaya da ƙafarsa ne. Turmin Danya sai a 1990 ya fito, waƙoƙin nanaye da fiyano kuwa sai bayansa. Yaran yanzu sun ɗauka da su aka fara waƙar soyayya a ƙasar Hausa. Ban ga laifinsu ba, ba su tarar ba. Laifinka nake gani, kai mai furfura a gemu, da in an kira wayarka wata murya ce ke tashi wadda kwamfuta ta matse har ba a san ta mace ba ce ko ta namiji. Bahaɗeje guda, ɗan garin Uji! Ranar da na ji sai da na duba ko akwai baƙo a wurin.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tarihinku. In aka taɓa ku sai ku ɗauko Sarki Buhari, wanda ya ƙi bin Sakkwato ya hana maƙwabta barci. Ku ɗauko 1906, da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa ya tsaya aka yi yaƙi har ya yi shahada a cikin garinsa. Wannan gaskiya ne, kuma na cire hula, ka rubuta ka ajiye don ba kullum za ka gani ba. Amma ka fita wajen Jigawa ka tare mutum a tasha ka ce masa Haɗejia, ka ji abin da zai fara ambata. In bai ce kifi ba, zai ce Jummai, wadda Uji ya yi wa waƙa. Garin mayaƙa, ga dawakai ga sulke, amma jakadan da ya fi kai sunansa nesa shi ne mutumin da ya zauna da ƙoƙon duma yana roƙon mace ta dube shi. Kuma kada ka kawo mini zancen 1903, cewa Turawa sun shiga Katsina ba a harba ko kibiya ba. Mu baƙo muka gani, muka yi masa kara. In ba ka gane ba, ba da kai ake ba.

Da za ka zo, da na kai ka teburin wani mai shayi kusa da tasharmu, ka ga yadda ake sauraro. Rediyonsa tsohuwa ce irin mai cin memori, murfin batirin ya ɓace, da robar tayar keke ya ɗaure ta ya rataya a ƙusa. Yana cikin sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, in gurmi ya kai wata gaɓa sai ka ga hannunsa ya tsaya a sama, shayi na tururi, mai saye na jira, ba kuma mai cewa uffan. Sai gaɓar ta wuce ya ci gaba. A teburin nan jam'iyya biyu ce, kuma rikicinsu ya girmi na 'yan siyasa: 'yan Jummai da 'yan Balaraba, kowa da waƙar Ujin da ya fi so. Shugaban 'yan Balaraba wani direba ne mai ɗaukar farar ƙasa daga Ƙanƙara, na 'yan Jummai kuwa tela ne. Wani dare na tarar sun kaure.

Direba ya buga tebur ya ce, "Malam tela, ka bar ɗinki ya cinye maka kunne. Ka ji yadda hannu ke gudu a Balaraba kuwa? Ni da ita nake hawa tudu da lodi, ko giya ba na canzawa."

Tela ya ce, "Shi ya sa kullum motarka ke gareji. Ai ba tsere ake ba, direba. A Jummai ne mutumin ya yi waƙa da cikinsa. Sauran da baki ya yi su."

Aka juya ga wani dattijo da ke gefe yana jiƙa burodi, aka ce, "Baba, raba mana gardama." Bai ɗago ba sai da ya haɗiye. Ya ce, "Ku duka mata kuke saurare. Ni tun ina saurayi yatsan nake bi. Ku cire sunan Jummai ku sa na kowace, in dai hannun nan ne, sai kun tsaya." Mai shayi ya ce a ba Baba ƙarin madara, shi zai biya. Gardamar dai ba ta mutu ba, washegari aka ɗora daga inda aka tsaya. To gaya mini, a wace majalisa ta Haɗejia ake yi wa Uji irin wannan karatu? Ku in an sa shi cewa kuke "namu ne, namu ne", ku ci gaba da cinikin banda.

Yanzu ɗan rage dariyar, akwai maganar da ba ta wasa ba ce. Ka san abin da ya same mu. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai sama da 300, sai bayan kwana shida suka dawo. Duniya ta ji wannan. Abin da ba ta cika ji ba shi ne na kullum: ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aka tasa, gonakin da aka bari saboda sun yi kusa da daji, hanyar da ba a bi in rana ta karkata. A irin wannan hali kiɗan fili shi ya fara mutuwa. Wa zai kafa kalangu da dare a ƙauye? Kalangu tara jama'a yake yi, muryarsa kuma tana tafiya nesa, tana gaya wa wanda ba a gayyata ba inda taro yake. Biki ya koma na rana, a ɗaura aure a ci abinci a watse kafin la'asar. Makaɗan ƙauye da yawa sun rataye kayansu, wasu sun bi 'yan gudun hijira zuwa Funtuwa da Katsina.

Sai kuma 2021, da gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Watanni muka yi waya na hannu amma ba ta kira ba ta amsawa. Ba WhatsApp, ba YouTube, mai son gaida ɗansa sai ya yi doguwar tafiya neman inda sabis yake. Abin da ya rage wa waya shi ne fitila da abin da ke cikin memori. A lokacin ne na ga ranar gurmi. Kiɗa ne da ba ya buƙatar ƙara. Ka rage shi can ƙasa, ka ajiye wayar kusa da kunne, ka ji komai, wanda ke bayan katanga bai san kana ji ba. Mutum na kwance ba barci, kunne ɗaya na waje yana sauraron ko karnuka za su yi haushi, ɗaya kunnen yana wurin wani Bahaɗeje da ba abin da ya dame shi a duniya sai wata Jummai. Ka ce mini wauta ce, amma samun wanda damuwarsa ba ta wuce soyayya ba, a irin wannan dare, rahama ce. Yaran da ba su san sunansa ba suka riƙa tura wa juna shi ta Bluetooth a shagon caji, suna cewa a sa musu "mai gurmin nan na su Baba".

Kai ma, duk da rashin kirkinka, ban manta ba. Da aka maido da layi kiranka na cikin na farko da suka shigo. Ko sallama ba ka ƙarasa ba ka ce, "Bakatsine, kana da rai? To ina kuɗin sharata?" Muryarka na rawa, kana cewa mura ce. Na bar ka a kan mura ce.

Tunda ka tayar da zancen shara, mu yi ta ta ƙare. Ka san al'ada, in watan cika-ciki ya kama, bawa ke kawo wa ubangida, kuma ba sai na sake gaya maka waye wane ba. Bana ba na son kuɗinka, na san na kifi ne, sai an wanke hannu bayan an ƙirga. Aiki zan ba ka.

Abin da ke yawo a wayoyinmu na Uji ya gaji. Daga faifai aka juya shi zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan wani yaro ya kara waya a bakin lasifika ya ɗauka, har da kukan akuyar gidansu a ciki. Wata waƙar an yanke mata kai, wata ba ta da ƙarshe, wata an liƙa mata sunan wani mawaƙin daban. Masu tura waƙa a kasuwa ba ruwansu, su dai a cika memori a biya. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna bin makaɗan Hausa suna rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu, ga littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa nan a hannun ɗalibai. Shi ga abin da ya tara. Kai da kake kwana kake tashi a garin da aka haifi mutumin, me ka tara ban da baki?

Saboda haka ka tashi ka shiga unguwanni. Akwai tsofaffin da suka zauna da shi, akwai waɗanda suka yi tafiya tare da shi, akwai iyali da dangi. Ka je da ladabi, in kana da saura, ka zauna ka ji daga bakinsu, ka ɗauka a wayar nan taka da ba ta da aiki sai nanaye. Ka nemi masu tsofaffin kaset da faifai a ƙasan akwati, a juye su da kyau tun kafin laimarku ta gama da su, kuma a san haƙƙin iyalinsa a ciki, kada a yi musu irin ta masu tura waƙa. Sannan ka bincika mini ko akwai wani yaro a ƙasar Haɗejia, daga Malam Madori har Kafin Hausa, da ke riƙe da gurmi da gaske, wanda ya iya ɗaure fata ya daidaita tsirkiya da kunnensa. In ka same shi kada ka ce masa ya nemi sana'a. Ka turo mana shi. Masara muna da ita, mai shayi ya ce shayinsa kyauta ne, 'yan Jummai da 'yan Balaraba kuma sun yi alkawarin tsagaita wuta ranar da ya sauka.

In ka kasa, ka faɗa da wuri, mu haɗa 'yan majalisa mu zo da kanmu, mu yi aikin, mu rubuta a bangon cewa Katsinawa ne suka tattara, Haɗejawa suka riƙe mana fitila.

Ku kuma masu karatu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, duk wanda Allah ya sa yana da tsohon kaset na Haruna Uji a gida, ya fito da shi ya kaɗe ƙura ya adana. In wani Bahaɗeje ya zo muku da fara'a yana neman aro, ku ba shi ruwa, ku ba shi tabarma, amma kaset kada ya fita zaure sai gaban shaidu biyu.